Motar Haliru Mai Baƙin Gilashi

SHAFI NA 7

Masu turo mani "ci gaba, ci gaba" tun asuba, ga shi nan. Wanda bai ga na jiya ba kar ya cika ni da tambaya, zai gane a hanya.

Haliru bai karya ba. Kunu ya huce a gabansa har ya daskare. Ya fita ƙofar gida ya dubi motar, ya dawo, ya zauna, ya sake miƙewa.

Tana nan inda ya ajiye ta jiya. Sabuwar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, fara sol, gilasanta kuwa baƙi wuluk har na gaba, kamar gindin tukunya. Kuɗin albasa ya tara shekara da shekaru ya saye ta a Kalgo, wurin Alhaji Lawali mai sayar da motoci. Bai ce a sa mata baƙin gilashi ba. Bai ce a sa mata hon irin na tirela ba. Ranar da ya je ɗauka aka ce sai ya cika kuɗin kayan da ta zo da su daga kamfani, ya cika. Aka manne madannan gilashin da salatif, aka ce sabuwar mota ba a sauke mata gilashi sai ta kwana biyu, in ba haka ba kamfani ya zare hannunsa.

Da ita ya tafi gona jiya da la'asar, don Ardo Sambo ya sa mata albarka.

Shi Ardo Sambo, tun zamanin marigayi Bawa mahaifin Haliru, duk rani a gonarsu garkensa ke sauka. Shanu su ci kara su bar taki. Gonar nan ba ta san takin buhu ba.

Mutanen ruga suka hango baƙuwar mota, ba a ganin na ciki, ta bar hanya ta miƙo kansu. A wannan zamani kowa ya san abin da zuciya za ta kawo. Haliru na ciki yana ɗaga hannu yana washe baki, ba mai ganinsa. Sai ya danna hon don gaisuwa.

Shanu suka tsinke. Mata suka suri yara suka yi daji. Ardo da furfurarsa ya zabura da gudu, ya yi tuntuɓe da turke ya faɗi rub da ciki, rawani ya warware, a gaban matan 'ya'yansa.

Da Haliru ya fito yana salati yana ba da haƙuri, tsohon ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ba komi." Ya shige bukka.

Wannan "ba komi" ɗin ne ya hana Haliru shan kunu.

"Malam, zauna don Allah," in ji Hajara matarsa. "Ka ishe ni da safa da marwa."

"Inno ta kawo nono?"

Inno ita ce matar Ardo. Ba ta fashin kawo nono gidan.

"Ba ta zo ba. Ƙwaryata da ke wurinta ta aiko. Wankakka. Ba komi ciki."

Haliru ya tsaya cak.

"Kuma an ga Atiku, maƙwabcin gonarka, da buhun kanwa bayan babur, ya nuhi ruga."

"Atiku!"

"Shi. Ka san shekara nawa shina zawarcin garken nan ya koma gonatai."

Ya suri makullin mota.

"Yawwa, tahi wurin tsohon yanzu," ta ce. "Amma da ƙahwa. Bar motar nan."

"In tahi in ce mai mi? Jiya ban ba shi haƙuri ba?"

"Jiya kunya ta toshe mai kunne."

"Sai na kai mai shaida. Ya gani da idonai ba ni na sa abin ga ba. Kalgo za ni. In sa a ɗebe tarkacen, in dawo da mota mai nuna huska."

"Kalgo? Malam, Kalgo ba bayan gida take ba."

"Mota gare ni."

"Ita ta kai ka inda kake."

Ya buga ƙofar mota ya tayar.

Tafiyar nan ba daɗi. Akuya ta gitta, hannunsa ya kai kan hon, ya janye kamar ya taɓa garwashi. Ya daka mata tsawa daga cikin mota rufe, shi kaɗai ya ji kayansa. Gab da Birnin Kebbi masu kaki suka tsayar da shi a shingen hanya. Gilashi ba ya sauka, sai ƙofa ya buɗe.

"Ina takardar izinin baƙin gilashi?"

"Har da takarda gare shi?"

"Au, ba ka ma sani ba? Faka gefe."

Kafin ya gama rantse-rantse da nuna rasit su sake shi, hantsi ya yi sosai. Ya isa Kalgo rigarsa jiƙe da gumi, ga sanyin mota yana busa shi.

Alhaji Lawali na zaune cikin ofis, babbar riga ta sha aiki, turare kamar an fasa kwalba. Yana ganinsa ya ware hannu.

"A'a! Alhajina! Angon mota!"

"Ban je Makka ba, Lawali. Kuɗin kujerar kai ka karɓe."

"Kai, Malam Haliru, ba ka rabo da barkwanci. Zauna, a kawo lemo."

"Ban zo zama ba. Hito ka ɗebe tarkacen da ka liƙa wa motata."

"Wane tarkace kuma?"

"Baƙin gilashi. Hon ɗin ga mai kukan tirela. Rigar kujeru kamar shimfiɗar amarya. Da ƙarhen da anka ɗaura mata a baki kamar takunkumin jaki. Wanne na ce ina so?"

Lawali ya gyara zama, ya sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, haka ta zo. Daga kamfani, cikin ledarta. Ni ɗan aike ne. In na taɓa ko ƙusa ɗaya, garanti ya tashi. Gobe inji ya yi tari, wa za ka kama?"

"Haka ta zo?"

"Haka ta zo."

"Rantse."

"Haba! Kasuwa muke, me ya kai mu ga rantsuwa?"

"To ka gani."

"Tsaya ka ji. Manyan mutane har roƙona suke a sa musu irin wannan. Ka shiga gari ba mai sanin kai ne, ba mai tare ka da bani-bani."

"Ni manomi ne. A Gwandu in ka wuce mutum bai ga huskarka ba, gaba ka ƙulla. Ni so nike a gan ni."

"Za ka saba."

"Kai ka sabar min?"

Nan Haliru ya ji wani sauti daga bayan ofis. Fis, fis, fis. Kamar ana fesa ruwa. Sai ƙarar goga a jikin gilashi.

"Mi a can?"

"Wanki ne. Zauna mana."

Bai zauna ba. Ya kewaya.

A ƙarƙashin rumfar kwano ga wata sabuwar mota, 'yar uwar tasa sak. Gilashinta na dama fari tas, ana hango kujeru. Na hagu rabi ya yi baƙi. Wani magidanci mai guntun gemu na tsaye da robar ruwan sabulu da reza, yana shimfiɗa baƙar leda yana goge ta. A ƙasa ga kwali buɗe, hon-hon ne cike, irin nasa.

"Sannu da aiki."

Mutumin ya waiwayo ya faɗaɗa fara'a.

"Yawwa, sannu. A'a, mai farar nan ne! Ƙaƙa aikin? Bai yi kumfa ba dai ko? Ka dai bi abin da anka hwaɗa maka, ba ka sauke gilashin ba?"

"Don mi anka ce kar in sauke?"

"Ai ledar ba ta gama kamawa ba. In ka sauke da wuri sai ta naɗe."

"Kai ka liƙa ta?"

"Da hannuna. Da sahen ranar da ka zo ɗauka."

"Isa!"

Lawali ne a bayansu, babbar riga a hannu, yana haki.

"Wa ya tambaye ka? Ba liƙi na ɗauke ka ba? Ko wa'azi?"

Isa ya dubi wannan ya dubi wancan, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da fis, fis.

Haliru ya nuna shi da yatsa.

"Wanga shi ne kamfanin?"

Lawali ya kawar da kai.

"Ina tambaya. Wanga bawan Allah da rezatai, shi ne kamfanin da za ya zare hannu?"

Lawali ya saki rigarsa ta faɗi. Fara'ar ta tafi, fuskar kasuwa ta fito.

"To, ni na sa. Sai me? Kana jin a mota tsura ake cin riba? Farashinta kowa ya sani, ka je ko'ina haka za ka tarar. A waɗannan muke samun na cefane."

"Ka tambaye ni?"

"In na tambaya wa zai yarda?"

"Shi ya sa ka manne min madanni da salatif kamar yaro."

"Don amfaninka ne."

"Amfanina? Ka san abin da amfanin naka ya jawo jiya?"

Haliru ya faɗa masa. Ruga, hon, shanu, mata da yara, Ardo a ƙasa rawani a warware.

Lawali ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙi. Ta fashe.

"Wai tsohon ya zura da gudu? Don hon? Kai, ashe kayana na da inganci!"

Haliru bai san sanda ya cafki wuyan babbar rigar ba. Ya murɗe aikin zaren nan a hannunsa har hular Lawali ta karkace. Isa ya yar da roba ya shiga tsakani.

"Malam, don girman Allah! Malam!"

"Mutumen da kake wa dariya shi ya wanke ubana da ya rasu! Kai ka taɓa ganin huskar ubana?"

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya saki rigar. Hajara ce.

"Malam, kana ina?"

"Kalgo."

"Har yanzu? Matan da sunka dawo itace sun ce an kwance dangwali a ruga. Ana ɗaurin kaya kan takarkarai."

Dangwali ita ce doguwar igiyar da ake jera maruƙa. Bafillace ba ya kwance ta daga ƙasa sai in tashi zai yi.

"Atiku na can?"

"Sun ce babur nai na can."

Ya kashe wayar. Ya juya kan Isa.

"Ɗebe ledar ga. Yanzu."

"Malam, cirewa ta hi liƙawa wuya. Sai an gasa ta da zahi, a bi ta sannu, a wanke gam. Ka ba ni zuwa la'asar."

"Ba ni da la'asar. Kawo rezar."

Ya fizge ta. Ya je ga motarsa, ya yage salatif ɗin madanni ya yar. Ya tsaga ledar gilashin gaba ta ciki, ya sa farce ya ja. Ta zo a yayyage, tsiri-tsiri, tana barin gam kamar majina. Ya ja, ya kankare, ya ja. Reza ta yanke shi a yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba. Ya buɗe wuri daidai fuskar mutum, ya bar saura. Sabuwar mota ta koma kamar mai kyasbi.

"Kai kuma kwance min hon ɗin."

Isa ya saci kallon maigidansa.

"Ba shi za ka duba ba. Motata ce."

Isa ya ɗauko sifana, ya buɗe murfin inji, ya kwance ya miƙa masa.

"Ina nata na asali?"

"Shina cikin sito, sai an nemo."

"Ku riƙe."

Lawali ya gyara hula, daga nesa yake magana yanzu.

"Ka dai sani, tunda ka taɓa da hannunka, babu garanti, babu mayar da ko kwabo."

"Garantin ka jiƙa ka sha. Maganar kuɗina kuwa ina dawowa, ni da kai gaban dattawan kasuwa, da Isa da kwalin ga. Yau ina da abin da ya hi ka."

Ya tayar, ya fita da ƙarfi har mai rake a bakin ƙofa ya yi tsalle.

Komawa ba hon ko kaɗan. Ya sauke gilasai duka, ledar ta naɗe tana ƙara, iska mai zafi na dukansa. Mai babur ya tare hanya, Haliru ya leƙo da kai ya yi ihu. Mai amalanke ya tare, ya bubbuga ƙofa da tafin hannu. Ƙafarsa ba ta bar totur ba. Duk inda ya hango farin abu a daji sai ya ɗauka garken ne ya riga ya kama hanya.

Azahar ta gota sanda ya iso. Wannan karon can bakin hanya ya ajiye motar, nesa. Ya ɗauki hon ɗin a hannu ya taka.

Bukkoki an yaye su, sai ƙashin itace. Takarkarai tsaye da kaya, ƙore a ɗaure cikin raga. Shanu a tattare wuri ɗaya. Matan da kullum ke tsokanarsa da "Kaɗo ya zo", wato Bahaushe, suka juya masa baya. Babur ɗin Atiku ba ya nan, amma buhun kanwa na jingine da gindin gawo.

A inuwar gawon Ardo Sambo ke zaune kan buzu, sanda a kan cinya.

Haliru ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Ya zo ya durƙusa.

"Baffa, ina wuni."

"Lahiya."

"Ƙaƙa shanu?"

"Sun gode."

Haliru ya ajiye hon ɗin a gabansa.

"Baffa, ga shi. Wanga ne ya yi kukan jiya. Wallahi ba ni na sa ba. Mai sayar da motar ya liƙa ba da sanina ba, shi da baƙin gilashin, ya ce min daga kamfani. Yau na kama shi da idona. Ka ga hannuna, da reza na kankare."

Ardo ya taɓa ƙarfen da bakin sanda, ya juya shi, ya bar shi.

"Ɗan Bawa."

"Na'am, Baffa."

"Wa ya ce maka ina neman shaida?"

Haliru ya ɗago.

"Na san ka tun kana yawo ba wando. Tun kahin in tashi daga ƙasa jiya na san ba da gangan ka yi ba. Jiya tsautsayi ne."

"To Baffa, mi ya kawo ɗaurin kaya?"

"Yau."

Tsohon ya gyara sandar.

"Da munka sallame asuba na ce wa Nasiru ɗana, kar wanda ya taɓa turke, ɗan Bawa na nan tahe. Na shimfiɗa buzun ga. Atiku ya zo da kanwatai, na bar shi tsaye, na ce ina da baƙo. Hantsi ya yi. Na ce shina tahe. Rana ta take. Na ce shina tahe."

"Baffa..."

"Matan ɗiyana na kallona. Jiya sun ga na hwaɗi. Yau sun ga na zauna ina jiran yaro. Sai ga mai shanu daga bakin hanya, ya ce tun da sahe ya ga motarka ta yi hanyar Birni."

"Don in kawo maka..."

"Motar ka tahi lallashi. Ita ta hi ni buƙata."

Haliru ya sunkuyar da kai.

"Na karɓi kanwar Atiku," in ji Ardo. "Na ce mai yau shanu gonatai za su kwana."

"A mayar mai, Baffa! Ni in biya shi buhu nawa yake so!"

"Ba buhu na ba shi ba. Magana na ba shi."

Ya ɗaga murya kaɗan.

"Nasiru! Ware mai shanun ubanai."

Haliru ya san abin da hakan ke nufi. Marigayi Bawa ya bar shanu kiwo a hannun Ardo, sun hayayyafa cikin garken, ba a taɓa ware su ba, ba a taɓa tambayar lissafinsu ba. Tashi daga gona, ana iya dawowa baɗi. Amma in aka miƙo maka igiyar shanun ubanka, an gama da gidanku ke nan.

Nasiru, magidanci ne da gemunsa, ya zo yana jan wata farar saniya, sauran na biye. Bai iya duban Haliru ba. Ya miƙo igiyar kansa a ƙasa.

Haliru ya mayar da hannuwansa baya.

"Karɓi, Yaya Haliru," in ji Nasiru a hankali. "Kar ka sa ya maimaita."

"Ba ni karɓa."

Ya miƙe. Bai ɗauki takalminsa ba. Garke in zai bar gonar nan hanya ɗaya gare shi, wani ɗan rata tsakanin kwazazzabo da shingen lambun albasa, shanu biyu ba sa jerawa. Can ya nufa, ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa. Ya isa tsakiyar ratar ya zauna daɓas, ya tanƙwashe ƙafa, ya fuskanci garken.

Matan suka juyo.

Ardo ya tashi daga buzu. Ya tako a hankali har ya tsaya a kansa.

"Tashi, ɗan Bawa."

"Ba ni tashi."

"Ubanka bai taɓa sa na hwaɗi magana sau biyu ba."

"Ubana bai taɓa kayar da kai ƙasa ba. Ni na kayar da kai gaban iyalinka. To ga ni. Su bi ta kaina gaban iyalinka, sannan ka tahi."

"Baba," Nasiru ya ce. "Baba, don Allah."

Ardo bai dube shi ba. Ya daɗe yana kallon Haliru. Sannan ya ratsa ta gefensa ya wuce ratar, ya ɗora sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kanta. Bai waiwayo ba.

Ya ɗaga kai ya yi kiran shanu.

Jan bijimin da ke jan garken ya ɗago. Ya girgiza ƙaho. Ya tako.

Sauran suka biyo shi.

Haliru ya ji ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa. Ya dafe ta da hannu biyu, ya ƙi rufe ido, har hucin bijimin ya bugi fuskarsa.